An Sayar da Rago, An Riƙe Igiya

Da asuba ina ɗaure kaya a bayan motar Gusau, a tashar Talata Mafara, na hango Fa'izu mai gidan gem, inda yara ke biya su yi wasan talabijin, ya raɓe jikin bango, rungume da buhun taki. Na san abin da ke ciki: injin wasan nasa ne. Ya daɗe yana cika baki a teburin Shehu mai shayi cewa injin da mutum ya saya nasa ne, zai kai a fasa masa kulle ya zuba wasanni son ransa, ba sai ya biya kamfani ba. Shehu da jama'arsa suka ce sata ce, samari suka ce haƙƙinsa ne. Ya kai aka fasa kullen. Injin ya ɗan yi aiki, sannan ya ƙi tashi, kuma da shi yake ci. So yake ya kai shi Gusau gyara kafin 'yan tebur su gani. Sai ga kakansa Sallau, dillalin dabbobi, zai nufi kasuwar Bakura.

"... lahiya lau, ya mutan gida?" in ji Sallau.

"Lahiya lau, tsoho. Ashe ka ga safiya?"

"In mutu in bar maka matata? Mi ke cikin buhun ga?"

"Taki."

"Taki mai wutsiya? Ga wayar wuta nan tana lilo."

Fa'izu ya cusa wayar ciki. "Rage murya, don Allah."

"Gawa ce ke nan. Allah ya jiƙan rai. Wa za ya yi mata wanka?"

"Suma ya yi."

"Ba kai ka ce naka ne ba? Ce masa ya tashi mana. Ni jakina in na ce tashi, tashi yake."

"Jakin da ya girme ka? Ku biyun sai an taru ake ɗaga ku."

"Baki shi ke yanka wuya, yaro. Ka sayi dabba, igiya na hannun wani can bayan teku. Ya ja, taka ta kwanta."

"Wa ya koya musu? Ba kai ka sayar wa Mas'ud rago ka kwance igiyarka ba, ka bar bawan Allah yana tsere da rago cikin kasuwa?"

"Rago na sayar, ban sayar da igiya ba. Haka kasuwa ta gada."

"Su ma haka suka ce. Ƙarfen nawa ne, abin da ke ciki nasu. Ashe kai ne kamfanin."

"In ni ne, durƙusa ka gaida ubangidanka. Amma ni ban taɓa bin mutum har gida na kwantar masa da rago ba."

Fa'izu ya gyara rungumar buhun. "To wa ke da gaskiya, ni ko Shehu?"

"Da ya tashi, kai. Tunda ya kwanta, Shehu."

Ni ma haka na san mutane, ba su duban magana sai abin da ta haifa.

Sai ga Shehun da kansa ɗauke da butoci, mutum biyu na bin sa.

"Fa'izu, jiya mun ji gidan gem shiru. Mi ke cikin buhu?"

Sallau ya fizge buhun.

"Takina ne. Wanga malalaci ya ɗauko mini, tun gida yake kukan nauyi."

"Taki za a kai Gusau, Baba?"

"An sayar mini da maras kyau, za ni in mayar. Ko kai za ka saya?"

Shehu ya wuce yana waiwaye.

"Bakura fa, tsoho?" in ji Fa'izu a hankali. "Yau kasuwa."

Sallau ya yi dariya. "Ka ci ni, ɓarawon mata. Shiga mu kai gawarka."

Ya shiga motar Gusau, ya ɗora buhun a cinya, ya ja babbar rigarsa ya lulluɓe shi.