Rasuwar Kaset Ɗin da Ke Yi Mini Ihu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ba zan ɓoye ba, ni Sada direba, mazaunin Utaibiyya a Makka, ina sanar da rasuwar kaset ɗina na kiɗan da Turawa ke kira pank, a Hajjin bana na 2014.

Na samu marigayin a kasuwar 'yan gwanjo a Kano tun ina saurayi. Waɗansu samarin Ingila ne a ciki, matalauta, ba su iya jita ba, ba su iya waƙa ba, amma sun iya fushi. Ban taɓa fahimtar kalma ɗaya ba, ban kuma buƙata ba. Da zan taho nan na rubuta "Wa'azi" a bayansa, don kada a ƙwace.

Marigayin ya yi mini hidimar da ɗan uwa bai yi ba. Duk ranar da kafil, ubangidan da zamana a ƙasar nan ke hannunsa, ya zage ni a gaban 'ya'yansa, na sunkuyar da kai, sai in shiga mota, in ɗage gilasai, in ji "wan, tu, tiri, fo!" sannan gangar ta ɓarke. Shi ke yi mini ihun da ba ni da izinin yi.

Ya yi jinya. Zafin Makka ya sa muryarsa rawa, na sha naɗe zarensa da biro. Amma ba ciwo ne ya kashe shi ba. Maƙwabcina Rabe ya ga rubutun bayan, ya ɗauka bai tambaya ba, ya kunna wa alhazai a hanyar Mina. Ya dawo mini da shi a leda, hanjinsa a waje, haɗe da nasihar da ban roƙa ba.

Ya bar tsohuwar rikoda, da biro guda, da ɗana Marwan, wanda ya ce irinsa dubu na cikin waya. Yaro bai san komai ba. Ya kuma bar ni, tsoho mai furfura da cizon haƙora.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar, a kwandon sharar baladiyya, wato hukumar gari, da ke bakin layinmu. Rabe kada ya zo. Sauran masu ta'aziyya ana roƙon su yi kukansu a zuci, don iƙamata, takardar izinin zamana, za ta ƙare watan gobe, kuma kafil bai sa hannu a sabunta ta ba tukuna.