Yadda Halliru Ya Yi Tumbi

Jiya tef ɗin awona ya kunyata ni a gaban manya. Na zagaya shi a ƙugun Mai Girma Babban Darakta, bakin nan biyu suka ƙi haɗuwa, sai da na ƙara da igiya. Shekara ashirin ina ɗinki a Kazaure, ban taɓa ganin haka ba. Don haka da na ji masu manyan kujeru a rediyo suna cewa arzikin garinmu ya bunƙasa, ban yi gardama ba. Ni na auna shi da hannuna.

Da la'asar sai ga Halliru, maigadin kamfanin Mai Girma, da babbar riga ta shadda a hammata. Shekara bakwai albashinsa bai motsa ba, wandonsa kuwa sau uku ina rage masa ƙugu. Ya je roƙon ƙari, aka ba shi kwance.

"Cewa ya yi arziki daga sama yake gangarowa, in yi haƙuri," in ji Halliru. "Malam Lauwali, rage min ita. Abin da ya saura ka ɗinka wa 'yata Bahijja kayan Sallah, ko bara ba ta samu ba."

Na shimfiɗa rigar, wallahi har daɗi ya kama ni. Ta ishi Halliru, ta ishi 'yar tasa, har da ɗankwali. Na ce ashe yana gangarowa, mu ne masu mugun baki.

Yau da safe ina cikin yanka, Halliru na zaune a benci, direban Mai Girma ya leƙo.

"Oga ya ce riga ya ba Halliru, daidai jikin Halliru. Ragowar yadin a ƙara wa sababbin kaftanansa aljihu, na yanzu sun yi masa kaɗan."

Halliru ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya ƙara girma." Raina ya yi mummunan ɓaci.

Na ce, "Ka gaya wa Oga babu ragowa. Halliru ya yi ƙiba, da ƙyar ma rigar ta shige shi."

Direba ya dubi Halliru, wuya kamar muciya. "Wannan?"

"Shi fa. Ba ka jin rediyo ne? Arziki ya bunƙasa."

Kayan Bahijja na nan a ƙarƙashin keke, saura kalmasa. In an turo 'yan bincike, jama'a, ku ne shaiduna: Halliru ya yi tumbi.