Randar Gambi

Ba zan taɓa mantawa da ranin farko da muka yi garka a ƙauyenmu ba, duk da na daɗe ina addu'ar mutanen garin su manta.

Zamanin mulkin soja ne, bayan farin da ya share rumbunan ƙasar Kurfai. Aka ce kowa ya koma noman rani. Mu matan unguwa muka haɗa ƙungiya, maigari ya ba mu fili a fadama, aka haƙa rijiya, kowace ta samu fangalinta. Dokarmu ɗaya ce: rabin abin da kika tsinka na gidanki, rabi a kai rumfarmu ta kasuwar Filinge a sayar da arha, don ko mai dala ɗaya ya koma gida da abin miya.

Ni ce sakatariya, don ni kaɗai na yi lakwal, wato makarantar boko, a cikinmu. (Da littafi da biro nake zuwa garka, ku ji fa.) Fangalin da ke jikin nawa na Gambi ne, ƙawata tun muna zuwa itace, wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa. Iri ɗaya aka ba mu, rijiya ɗaya muke ja. Amma kabejinta ya naɗe kamar kan jariri, tumatir ɗinta har reshe na sunkuyawa, nawa kuwa ganyen ya yi rawaya kamar mai shawara. A kasuwa mutane suka fara kiran rumfarmu "rumfar Gambi". Kowa ya faɗi haka sai in yi tsaki. Abin da ya ƙarasa ni, ranar da maigidana ya ɗanɗana kwaɗo ya ce, "Wanga salatin na Gambi ne ko? Ya fi laushi."

Sai na fara sa mata ido. Na lura tana da wata randa a gindin dogon yaro, an rufe bakinta da tsumma. Kowace safiya sai ta kamfaci wani baƙin ruwa, tana motsa baki, ta zuba a bokitin ban ruwa. Nan take na yanke hukunci cewa rubutu ne. Kawunta malami ne a Tabla, me kuma ya rage? Da na tambaye ta da ta gaya mini, amma mai satifiket ta tambayi Gambi? Allah ya kiyaye.

Wata rana da azahar, kowa ya tafi gida, na ɗebi kwalba guda. Warin ya kusa kayar da ni, na ce wa kaina ai magani mai ƙarfi ba ya ƙamshi. Kuma tunda kowa ya san yadda ake amfani da rubutu, sai na toshe hanci na yi kurɓa uku, na shafe fuska da hannuwa don farin jinin kasuwa. Ɗan abin da ya rage shi na yayyafa wa tumatir. Kwana huɗu ina haka. Da Inna Tsahara, shugabarmu, ta tambayi abin da ke wari a jikina, sai na ce bunsurunmu ne ya goge ni.

Ana nan malamin gona ya zo daga Filinge, yana neman mace ɗaya da za ta zagaya ƙauyuka tana koya wa mata aikin garka. Na ɗaura zanen sallah, don a ganina wa za a ɗauka in ba mai rubutu da Faransanci ba? Muka zauna a inuwa, ina riƙe da littafi. Ya zagaya fangalai, ya wuce nawa ko waiwaye babu, ya tsaya a na Gambi.

"Baiwar Allah, mi kike sa musu?"

Gambi ta jawo randar nan tsakiyar taro, ta kwance tsumman. Na gyara zama, ina jiran asiri ya tonu.

"Ba wani abu ba ne, malam," ta ce. "Kashin awaki ne, da ganyen dogon yaro, da toka. In Fulanin rugar can sun ba ni fitsarin shanu sai in ƙara. Ya yi sati biyu yana ruɓa, sannan in surka da ruwa. Takin zamani ya fi ƙarfinmu, wanga ko kyauta ne."

"To bakin da kike motsawa fa?" wata ta tambaya.

"Ƙirga ludayi nike."

Da na yi shiru da ba wanda ya sani. Amma sai na ji muryata ta fita da kanta: "Malam, in mutum ya sha fa?"



"Wa zai sha?" in ji malamin gona.

Inna Tsahara ta juyo a hankali, ta dube ni tun daga ɗankwali har ƙafa. "Ɗiyata," ta ce, "ashe mun ɗauki alhakin bunsuru."

Wata har faɗowa ta yi daga kujera. Malamin gona ya juya baya yana tarin ƙarya. Gambi kaɗai ba ta yi dariya ba, ta dai ce, "Shi ya sa randar ke raguwa. Na ɗauka wata ce ke zuba wa shukarta, har na ji daɗi." Wannan ya fi dariyar zafi.

Ita aka ɗauka, kuma ni na rubuta sunanta a littafi da hannuna. Da yamma ta kawo mini nono a ƙwarya, wai in wanke ciki, ta zauna ta koya mini haɗin tun daga farko. Sai da ta kai bakin ƙofa dariyar ta ƙwace mata, har da riƙe dangar gidanmu.

Rani na gaba kowace mace da randarta, rumfarmu ta cika har muna kai kayan miya kantin ɗin lakwal, inda ake dafa wa ɗalibai abinci. Tumatir ɗina ya yi kyau, ko da yake bai taɓa kamo nata ba, kuma har gobe abin yana ɗan sosa ni.

Hausawa na cewa hassada ga mai rabo taki ce. Abin da ba su faɗa ba, mai hassadar ce ke shan takin.