Littafin Malam a Wayar Baƙuwa

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da na tara wa baƙuwa jama'a a ƙauyenmu Karare ba, a kan satar da ba a yi ba.

Maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, malamin firamare ne a Batsari. Da furfurarsa ya koma jami'a, ya rubuta wani ƙaton littafi mai baƙin bango a kan noman gyaɗa. Ni ko alif ban sani ba, amma tunda ya rasu littafin nan ne abokin hirata. Yana ƙasan akwatina, naɗe cikin rawaninsa. In kewa ta taso sai in ɗauko in shinshina, in yi kukana in mayar.

Wata rana ƙaninsa Sule ya shigo da wata mata mai tabarau, wai daga ɗakin karatu na jami'ar take. Ta yi mini ta'aziyya, na kawo fura. Ta ce suna ɗaukar hoton littattafan ɗalibai suna sakawa a intanet, amma sai da izinin mai littafi, in ya rasu kuma sai magadansa. Na yi ta gyaɗa kai (wallahi ban gane komai ba).

Sai ta miƙo waya. "Inna, kin ga na Malam nan."

Baƙin bangon nan ne, har da sa hannunsa mai jela. Abin da ke akwatina, yaya aka yi ya shiga wayarta? Na damƙe gyalenta na kurma ihu: "Jama'a, an shiga ɗakina! Sule, da kai za a ci amanar ɗan'uwanka?"

Nan da nan gida ya cika. Mai unguwa ya iso da buta a hannu, ƙafa ɗaya a wanke.

Sule ya ce, "Matar yaya, kafin ki sa a ɗaure ni, buɗe akwatin mana."

Na buɗe. Ga shi nan kwance cikin rawani, ko motsi bai yi ba. (Ke mai rubuta mini, daina dariya.) Ashe ba guda ɗaya aka buga ba, jami'a ta riƙe nata tun da can. Shekara da shekaru ina zaton ni kaɗai ke da shi a duniya. Na saki gyalen baiwar Allah, na rasa inda zan sa fuskata.

Da aka watse na ce, "To 'yata, tunda yana hannunku, me kuma kike roƙona?"

Ta ce, "Takardar ce tamu, Inna, maganar da ke ciki tasa ce. In kin ce a'a, a rufe za mu bar shi."

"In wani ya kwashe ya ce nasa ne fa?"

"In yana fili da sunan Malam a kai, ɓarawon ne zai sha kunya."

Na ce kunya kam na san ɗanɗanonta yau. Na dangwala mata yatsa a takardar izini ina hawaye, da sharaɗin kada a goge sunansa.

Abin da na koya shi ne in riƙa buɗe akwati kafin in buɗe baki. Amma har gobe, duk sanda Sule ya ce wani a wata ƙasa ya karanta littafin Malam, sai in jira ya fita, in je in ɗaga na akwatina in ji ko nauyinsa ya ragu.