Babu Wurin Kaka a Waya

"Lafiya lau na kwana, sai dai ban ga abin da ka riƙo mini ba. Ango ne kai ko mai karɓar haraji?"

"Kaina na riƙo miki, tsohuwa. Kin san mata nawa ke neman fuskar nan a Ngigmi?"

"Masu ciwon ido suna da yawa bana, gaskiya ne."

Galmai ke nan, jikana, ɗan ɗana Wardugu. Ba gaisuwa ta kawo shi ba. Ƙarfen sabis yana bayan katangata, duk unguwa an san waya ta fi jin magana a ƙofata. Ya miƙe a tabarma, ya shanye mini shayin farko, ya hau latse-latse.

Washegari matan danginmu za su tashi Bilma girbin dabino, shi zai ja motar. Shekara hamsin da ɗoriya ina bin hanyar nan, da a kan raƙumi, daga baya a kujerar gaba, ni ke cewa a yi nan, a yi can. Bana ubansa ya yanke wai na tsufa, in zauna gadin awaki. Bishiya goma sha ɗaya uwata ta bar mini, wai wasu ne za su ɗanɗana mini. Don kada su ɓata, makon jiya aka sa Galmai ya ɗauke ni a bidiyo ina zana hanya a ƙasa da yatsa, tudu bayan tudu, har Rijiyar Makauniyar Taguwa, inda 'ya'yan ƙanwata ke jira a kwashe su. Na zauna na zuba kamar wawuya. Sai da ya tafi na gane da bakina na sallami kaina.

Na ga yana tsaki, na ce, "Me ya faru? Budurwarka Ashta ta ga hotonka da rana ne?"

"Taswira nake saukewa. Daga mun bar gari babu sabis, sai an zuba hanyar gaba ɗaya a cikin waya tun daga nan. In ta shiga, shi ke nan, ko a tsakiyar yashi za ta nuna mini inda nake."

"Inda kake? Ai ko ni zan gaya maka. Kana kan tabarmata, kana shan shayin da ba ka kawo sukarinsa ba."

"Kaka Hawaye, wannan magana ce ta masu ilimi."

"To mai ilimi, me ya hana ta shiga?"

Ya juyo mini da wayar kamar zan karanta. "Ta ce babu wuri. Cikinta ya cika."

"Ta gaji mai ita. Me ta ci?"

"Ke ta ci! Bidiyonki goma sha bakwai. Hanyar kwana biyu, kin yi mata bayanin wata guda. Rabi ma zagin marigayi kakana ne."

"Shi ma yana cikin hanya. A tudu na tara ya ɓatar da mu, dole a faɗa. Ba ka da ɗan katin nan mai kamar farce, da ake ƙara wa waya ciki?"

"Ramin ɗaya ne. Ko katin memori, ko layina na biyu."

"Cire layin."

"Da shi nake kiran Ashta a Cadi."

"To goge hotunanta."

"Gara in goge ki."

Nan na ajiye kofi a hankali. Na kalli awaki don kada ya ga idona.

"Ba za ka iya ba," na ce. "Kai da kanka ka san taswirar nan makauniya ce. In babu muryata, ko bayan gari ba za ka kai matan nan ba."

"Makauniya? Daga sama aka ɗauko ta, tsohuwa. Tauraron ɗan adam ne ya leƙa duniya kaf ya zana."

"Tauraron da ɗan adam ya ƙera. Ni da na Allah nake aiki, har yau bai taɓa cewa cikinsa ya cika ba."

"Naki sai dare ya yi. Nawa ko da rana tsaka."

"Ka ji tsoron Allah ka bar ni a ciki, angona. Ka riƙa tafiya kana jin muryar kakarka tana cewa yi dama, yi hagu, kamar jakin da aka ɗaura wa ƙararrawa. Matan da ke bayan mota su koma su gaya wa Ashta, direbanta tsohuwa ce ke tuƙa shi daga aljihu."

Ya tashi zaune. Jinin kakansa ne, na san inda ake taɓawa.

"Kin ga yatsan nan?"

"Na gani, yana rawa."

Ya danna. Ya sake dannawa. "An gama. Goma sha bakwai, duk na sallame ku."

"Allah sarki. Taswirar ta shiga?"

Ya duba, ya ɓata rai. "Har yanzu wai babu wuri. Au, kina cikin kwandon shara. Waya ba ta zubarwa sai bayan kwana talatin."

"Ka gani? Wayar ma ta fi ka kunya. Ta ɓoye ni don ta san za ka dawo kana kuka."

"Bari in zubar da sharar, mu ga mai kuka."

Ya zubar. Na tambaye shi har sau biyu ko babu wani kwando a bayan kwandon, ya rantse babu. Na ɗora shayi na biyu, na ƙara masa sukari da hannuna.

Wani ɗan zare ya riƙa tafiya a fuskar wayar kamar tururuwa mai ciki. Da ya kai ƙarshe, Galmai ya kashe layukansa duka biyu don gwaji, ya buɗe. Sai ga ɗigo shuɗi yana numfashi.

"Ga mu nan! Babu sabis, babu data. Ga gidanki, ga kasuwa, ga hanyar Agadem. Ki ce wani abu mana."

"Madalla. Wuce Agadem."

Ya ja da yatsa. Fuskar wayar ta koma ruwan ƙasa daga sama har ƙasa. Ya ja, ya ja, ruwan ƙasa.

"Mene ne wannan?" na ce.

"Sahara ce."

"Wato ka kori kakarka don ka zuba yashi a waya. Da ka tambaye ni, ga shi nan fal a tsakar gida, kyauta. To nuna mini Rijiyar Makauniyar Taguwa."

Ya rubuta sunan, babu. Ya rubuta da Faransanci, babu. Ya buɗe yatsu, ya matse, ya juya wayar a kwance.

"Wataƙila da wani suna suka sa ta."

"Su wa? Kakata ce ta haƙa ta da ƙwarya, tana gamawa ta rufe bakin da fata da yashi don baƙi. Tauraronka ya leƙo ya ga me? Mata bakwai suna can zaune da jarkar ruwa, suna jiran ɗigo shuɗi."

Ya koma kwandon shara, wayam. Ya share goshi.

"Amaryata," ya ce da wata murya mai laushi. "Hasken gidanmu. Zan cire layin Cadi yanzu, in sa kati. Ki sake zana mini, gajere kawai."

"Na manta."

"Kaka!"

"Tsufa ne, ɗan nan. Ubanka ma ya faɗa a gaban mutane. Yanzu sai na ga tudu da idona nake tuna na nawa ne."

Ya ƙura mini ido. Ya dubi kofin da na cika masa da sukari, ya dubi wayar. Sai ya faɗi da baya a tabarma yana dariya har awaki suka watse.

"Wallahi ke ba mutum ba ce! Baba zai yanka ni."

"Ka ce masa waya ce ta ce babu wuri. Sauran ka bar mini, ni na haife shi."

"To na ji. Kujerar gaba taki ce."

"Da matashi. Kuma ka taho da taswirar, kada ka bar ta. In mun isa rijiyar zan nuna mata, ita ma ta ƙaru."

Ya miƙe yana kakkaɓe riga, ya ce in yi sauri in haɗa kaya, da hantsi zai zo. Na ce to, zan yi ƙoƙari. Kayana suna bayan ƙofa a ɗaure tun ranar Talata.