Yadda Injiniya Daga-Nesa Ya Tayar da Sabar Asibiti

Duk wanda bai san Injiniya Daga-Nesa ba, to ya yi wa kansa jaje, an yi zamani ba da shi ba. Shi ne babban jami'in fasahar sadarwa na wani asibiti mai zaman kansa, kuma in tsautsayi ya sa ka kira shi mai gyaran kwamfuta, ka sayi gaba ta shekara guda. Haruffan digirorin da ke bin bayan sunansa a katin aiki sun yi yawa har sai da aka ƙanƙance lambar waya. Ma'aikata ne suka laƙaba masa Daga-Nesa, don duk matsalar da aka kai masa amsarsa ɗaya ce, zai duba daga nesa. Firinta ta haɗiye takarda, daga nesa. Ɓera ya gwigwiye waya, daga nesa. Da sunan ya isa kunnensa sai ya ɗauke shi yabo, har yana rubuta shi a ƙasan wasiƙunsa.

Abin tinƙahonsa shi ne saba, wato babbar kwamfutar da ke wani ɗan ɗaki bayan ofishin kati. Ita ke riƙe da tarihin kowane marar lafiya: sunansa, gwaje-gwajensa, maganin da yake sha da wanda jikinsa ba ya so. Rabon Injiniya da ɗakin tun ranar da ya zo ya ƙara mata sabon faifan ajiya, wata goma sha huɗu ke nan. Amma kullum da safe na'urar kan aiko masa da saƙo mai koren maki, cewa an yi bakof, an kwafe komai an adana a wani wuri daban. Shi kuma sai ya tura wa darakta da kalmomi biyu: “Muna tsaye.” Saƙonni masu jan maki kuwa ya daɗe da ware musu akwatin da ba ya buɗewa, don a cewarsa suna katse masa tunani.

Ranar wata Talata da hantsi saba ta tsaya cik. Wadda abin ya faɗa wa ita ce Anti Mai Kati, matar da ta shekara goma sha tara tana zaune a tagar ba da kati, kuma da wannan kujerar take riƙe gida tun da ciwo ya kwantar da maigidanta. Laifinta ɗaya: ita ce ta ƙarshe da ta taɓa madanni. Ta shigar da sunan wata mai jego, ta danna ajiye, allo ya yi fari.

A lokacin Injiniya yana wani otal mai tafiyar awa biyar, wajen taron ƙara wa juna sani. Bai ɓata ko minti uku ba wajen gano bakin zaren. Ya rubuto wa darakta cewa bincikensa mai zurfi ya nuna cutar ba a na'ura take ba, tana zaune ne a kan kujerar ofishin kati. Darakta mutum ne da ke tsoron duk abin da aka faɗa da manyan kalmomi. Nan take ya sa aka buga wa Anti takardar gargaɗi, ya karɓe makullinta, ya ce in bayanan marasa lafiya ba su dawo ba kafin a tashi aiki, ita ma kada ta dawo. Ba ta iya tafiya gida ba. Ta zauna a bencin jira cikin marasa lafiya, jakarta a cinya, tana addu'ar Allah ya ba mutumin da ya ɗora mata sharri sa'a. Wannan abu yana ba ni takaici har yau.

Sai ga shi laccar da Injiniya zai gabatar bayan azahar a kan adana bayanai ce. Wani da hankalinsa sai ya nemi uzuri ya keɓe a ɗaki ya yi aikinsa a natse. Ba Daga-Nesa ba. Ya sa aka jona kwamfutarsa da majigi, ya gyara zaman gilashi, ya ɗauki makirfo.

“'Yan uwa masana, yau ba labari zan ba ku ba, gani za ku yi da idonku. Yanzu haka akwai asibiti guda da ya durƙusa, likitoci sun yi cirko-cirko. Daga nan inda nake tsaye, ba tare da takalmina ya taɓa ƙura ba, zan tashe shi. Da yatsa ɗaya. Wanda ke da waya ya ɗauki bidiyo, 'ya'yanku za su tambaye ku.”

Wayoyi suka tashi sama. Ya shiga sabar ta intanet, ya nuna musu jerin korayen maki reras, ɗari huɗu da 'yan kai, babu fashin rana ɗaya. Ya zaɓi na daren jiya. Na'ura ta yi masa tambayar da takan yi wa kowa: wannan zai shafe duk abin da ke kan sabar yanzu, ka tabbata?

Wata mata mai furfura a layin baya, wadda ta fara wannan aiki tun Injiniya yana firamare, ta ɗaga hannu. Ta tambaya ko ya taɓa buɗe bakof ɗin ya ga abin da ke ciki, ta kuma ba da shawarar ya fara kwafe abin da ya rage a sabar kafin ya shafe. Injiniya ya yi murmushin tausayi.

“Hajiya, da girmanki. Wannan tsoro na mutanen zamanin takarda ne. Ni ba na gwada aikina, aikina ne ke gwada mutane.”

Ya danna. Minti arba'in ana kallon wani shuɗin layi yana rarrafe, shi kuma yana cike lokacin da tarihin rayuwarsa. Da layin ya kai ƙarshe zauren ya ɗauki tafi. Ya ɗan rusuna, ya tura wa darakta saƙo cewa a koma aiki.

A asibiti allo ya dawo, aka yi ta hamdala. Anti ta share hawaye da gefen mayafi. Nas ta leƙo ta kira sunan farko a jerin masu ganin likita, ba a amsa ba. Ta sake kira. Sai wata mata ta miƙe a hankali ta ce wannan ai mahaifinta ne, kuma wata goma ke nan da rasuwarsa a gado na shida. Suna na biyu na wata mai ciki ne da aka rubuta za a duba kwanciyar ɗanta, alhali ɗan yana gida ya fara tatata. Waɗanda aka yi wa tiyata makon jiya kuwa, na'ura ta ce ba ta taɓa jin labarinsu ba.

Washegari darakta ya ɗauko wani injiniya daga waje, irin masu zuwa da ƙafarsu. Cikin rabin awa ya warware komai. Ranar da Daga-Nesa ya sa sabon faifai ya kwashe bayanai ya mayar can, amma ya manta bai nuna wa bakof sabon wurin ba. Wata goma sha huɗu na'ura tana kwafe tsohon wurin da ba a ƙara rubuta komai a ciki ba, tana aiko da koren maki da gaskiyarta. Abin da ya tsayar da sabar kuwa, faifan ne ya cika, kuma mako uku tana kuka a akwatin jan maki. Duk bayanan suna nan lafiya lau har zuwa lokacin da aka ɗauki bidiyo ana shafe su.

Dole ta sa darakta ya aika a kira Anti, don ita kaɗai ke iya kallon fuska ta faɗi sunan mutum da likitan da ke ganinsa. Ya miƙa mata makulli ya ce a yi haƙuri da juna, kamar ita ma ta yi masa wani abu. Takardar gargaɗin dai ba a cire ta daga fayil ɗinta ba. Aka jibge mata kwalayen rubutun likitoci, ta shiga sake yi wa mutane rajista ɗaya bayan ɗaya, layi har bakin get. Shi kuwa Injiniya ya rubuto rahoto mai shafi tara, inda ya bayyana cewa a fasahance aikin ya yi nasara ɗari bisa ɗari, tunda duk abin da aka adana ya dawo.

Sai dai bidiyon ya zaga wayoyin abokan sana'a, kuma jiki ba ya karanta rahoto. Kwana takwas bayan haka ciwon kai ya sako shi gaba, jiri na ɗibarsa. Ya shigo asibitin da kansa, ya ratsa layi ya tsaya a tagar kati yana ƙwanƙwasa gilashi da makullin mota. Ya faɗi sunansa haɗe da dukkan haruffan, ya ce a fito masa da fayil ɗinsa maza, shi ya buɗe wa kansa wata shida da suka wuce, a sashen manyan baƙi.

Anti ta ɗago ta dube shi. Ta buga sunan a natse, ta jira, ta sake bugawa don kada ta zalunce shi.

“Ba ka ciki, yallaɓai.”

Ta yago 'yar takarda mai lamba ɗari da tamanin da bakwai, ta tura masa ta ƙasan taga, ta nuna masa ƙarshen layi can waje inda rana ke duka.

“In an zo kanka ka faɗi sunanka da na mahaifinka, ban da haruffan, babu gurbinsu. Na gaba ya matso.”