Khaula Ta Cinye Ƙwan Ƙaddamarwa

Jama'a, jiya jikata Khaula, 'yar shekara uku, ta cinye shirin manya sukutum, ɓawo kawai ta bar musu.

Ga yadda aka yi. Wata biyu ke nan da malamar asibiti ta naɗa wa yarinyar nan tef ɗin awo a damtse, ya tsaya a kan ja, alamar tamowa. Ta ce a riƙa ba ta ƙwai, kifi, wake da madara. Na ce to, sai ka ce a aljihuna suke. Mu a gida kunu ne da safe, kunu da rana, in ya yi kauri da magariba mu kira shi tuwo.

Sai ga shela: manya za su zo Ƙofar Taramniya su ƙaddamar da shirin "Kowane Yaro da Ƙwansa", duk wanda sunansa ya shiga takarda kullum zai samu. Matata Hajjo ta yi wa Khaula wanka har sau biyu, na saɓa ta a kafaɗa tun da hantsi, aka rubuta ta.

Motoci, rumfa, lasifika, maroƙa, ba abin da babu. Mai Girma Sarkin Yanka Zare ya yi awa guda yana bayanin amfanin ƙwai, har na fara gyatsa. Sannan aka fito da abin a faranti, an lulluɓe da farin ƙyalle. Dafaffen ƙwai ne, guda ɗaya tak.

Na taɓa maƙwabcina Sahabi mahauci, na ce, "Ina sauran?"

Ya ce, "Wane saura? Shi ɗai na. Da sahe shina Wamakko, da marece Ƙohwar Dundaye za shi. Ƙwan ga ya hi ni yawo."

Ashe tsarin shi ne yaro ya riƙe, ya yi murmushi, a ɗauki hoto, ya miƙa wa na baya. Kai, Allah ya ƙara wa manya basira! Yara arba'in suka amfana, ko tsagewa ƙwan bai yi ba.

Da layi ya zo kan Khaula, mai hoto ya tsaya goge gilashi. Ita kuwa ba wanda ya karanta mata tsari. Ta ƙwala shi a hannun kujera, ta ɓare, loma biyu ta gama.

Wuri ya kaure da salati. Wani mai babbar riga ya yo kaina yana haki: "Malam, ka san yara ɗari uku ke jiran ƙwan nan da yamma?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ita wata biyu tana jiransa."

Nan take aka kafa kwamitin bincike na mutum tara, suka shige ɗaki, aka bi su da soyayyun kaji. Da suka fito suna sakace, aka tattara ɓawon a ambulan don shaida, aka soke sunan Khaula tunda ta riga ta amfana.

Wallahi raina ya ɓaci ƙwarai. Yau da safe na miƙa mata kunu, ta kalle shi, ta kalle ni, ta ce, "Kaka, yaushe masu hoto za su dawo?" Na juya kamar ina neman takalmina.

Mutanen Ƙofar Dundaye, ku gafarce mu. Na ji da farantin kawai aka yi wa yaranku hoto, kuma an ce ya fito da kyau.